Hannun da na sa

 

Ka tuna ranar da ka fara rubuta sunanka da hannunka? Ni malamin yaƙi da jahilci ne, na ga wannan rana ga mutane da yawa. Hannu na rawa, alli na karyewa, zufa na zuba kamar ana huɗa. Wani dattijo a ajina, ranar da ya gama rubuta sunanshi, ya ɗaga allo ya ce: "Malam, daga yau na bar dangwala yatsa!" Duk aji anka yi dariya, anka yi mishi barka.

Na yi murna tare da shi. Amma akwai maganar da ban gaya mishi ba ran nan, ita nake so in gaya maka yau. Sa hannu shaida ne. Wanda ya sa hannu ga takarda, cewa ya yi: na gani, na yarda, haka abin yake. Ni kuwa na taɓa sa hannu ga abin da na san ba haka yake ba. Labarin ba ya mini daɗin faɗi, amma zai yi maka amfani.

Garinmu ƙauye ne cikin jihar Maraɗi. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Lakwal ɗinmu tana da aji 2 na siminti, sauran duk rumfuna ne na zana da kara. Kowace shekara in an gama girbi, uwaye su tara kara su kafa rumfa. In hadari ya fara tasowa, a sallami yara. Ni na yi karatu har aji 4 na kwaleji, ban wuce nan ba. Saboda wannan ɗan karatu anka naɗa ni magatakardan kwamitin kula da lakwal, wanda muke ce ma Kojes.

Farkon shekarar 2019 albishir ya zo: za a gina mana aji 3 na siminti da kuɗin gwamnati. Mata sunka yi guɗa. Ɗan kwangila ya zo cikin mota mai baƙin gilashi, ya gaida Maigari, ya raba goro. Kowa na ce mishi Alhaji. Yaranshi sunka kafa allon ƙarfe bakin hanya, an rubuta shi da Faransanci. Ga abin da allon ya ce: aji 3, kuɗi miliyan 24, a gama cikin wata 4.

Mu tsaya mu yi lissafi. Jika 1000 ita ce miliyan 1. Ke nan miliyan 24 jika 24,000 ne. In ka raba gida 3, kowane aji ya tashi miliyan 8. Na karanta allon sau ɗaya, na wuce. Ban kwafe shi cikin littafina ba. Bayan wata guda allon ya ɓace, ba wanda ya tambayi inda ya shiga.

Tun ranar goro ba mu sake ganin Alhaji ba. Wani saurayi ne ke zuwa bisa babur yana tsare aikin. Babban maso kuwa dattijo ne, mutumin kirki, a zaurena yake kwana. Wani dare muna shan shayi ya ce mini:

"Malam, kai ne mai karatu a garin nan. Ka san bulo nawa ake bugawa da buhun siminti guda?"

Na ce: "Baba, ban sani ba."

Ya ce: "In ana son aiki mai kyau, wajen 30. Mu an ce mu buga 50. In ban buga ba, gobe a kawo wani maso."

Ɗauki alli ka yi lissafin nan da kanka. A ce ginin na bukatar bulo 3000. In buhu guda ya ba da 30, buhu 100 za a sa. In ya ba da 50, buhu 60 sun isa. Buhu 40 sun fita ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 su ne ton 1. Ton 2 na siminti sun tafi, ga bulo kaɗai. Ba mu taɓo maganar tushe ba, ba mu taɓo ginshiƙai ba. Baba maso ya ce kankaren ginshiƙi, wanda ake sa ma ƙarfe, yana son buhu 7 ga kowane mita kubik. Su buhu 4 suke sawa. Inda takarda ta ce ƙarfe mai lamba 10, mai lamba 8 ake ɗaurawa. Kwanon rufi, wanda muke ce ma tol, anka kawo sirara kamar gwangwanin madara. Bulo yana son a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda kafin a ɗora shi. Namu kwana 2 yake yi a ƙasa, sai bango.

Na ce: "To Baba, me ya sa Alhaji ke haka? Miliyan 24 ba su isa ba?"

Ya yi dariya ya ce: "Wane Alhaji? Alhaji ya saida aikin tun kafin a haƙa tushe. Ya cire nashi, ya miƙa ma wani. Shi kanshi kafin ya samu aikin sai da ya gaisa da mutane cikin ofisoshi. Wanda ya saya shi ma yana son riba. Duk goron da anka ci can sama, ga bangon nan ake cire shi."

Ka ga yadda abin ke tafiya? Kuɗin ba rana ɗaya suke ɓacewa ba, ba kuma hannu ɗaya ke ɗauka ba. Doka ta ce a yi shela, ƴan kwangila da yawa su kawo farashinsu cikin ambulan rufe, a zaɓi mai kyau da sauƙi. In anka kauce ma wannan anka ba aboki, rami na farko ke nan. In anka rubuta farashin da ya fi na kasuwa, rami na biyu. In anka saida aikin hannu zuwa hannu, rami na uku. In anka rage siminti da ƙarfe, rami na huɗu. Saura biyu, su ma na gan su da idona.

Da bango ya kai taga, aiki ya tsaya. Wata 4 sunka wuce, damina ta sauka, ciyawa ta fito cikin azuzuwan, awaki sunka samu wurin kwana. Cikin watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Kowa a Maraɗi ya ji wannan a jikinshi, kaya da yawa sunka yi tsada. Sai munka ji labari ɗan kwangila ya kai kuka: kaya sun hau, kuɗi ba su isa. Anka yi mishi takardar ƙari ta miliyan 6. Aikin miliyan 24 ya koma na miliyan 30. Kowane aji ya tashi miliyan 10.

Kar mu zalunci kowa. Tsadar kaya gaskiya ce. Dattawa sun tuna Janairun 1994, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi, farashin kayan waje ya tashi cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma ƴan kwangila masu tsoron Allah, waɗanda ke gama aiki su yi wata da watanni suna jiran gwamnati ta biya su, bashi na cin su. Amma namu fa? An ba shi kuɗin soma aiki tun farkon shekara. Da ya gama cikin wata 4 kamar yadda allo ya ce, da rufe iyaka ya iske yara cikin aji. Shi ya jawo jinkirin, shi kuma anka biya saboda jinkirin. Rami na biyar ke nan.

Rami na shida, ni ne.

Watan Fabrairu na 2020 anka gama. Anka shafa fenti rawaya, anka sa ƙofofi shuɗɗa. Daga nesa, wallahi, abin sha'awa. Ranar karɓar aiki motoci 3 sunka zo. Anka yanka rago. Manya sunka zagaya ginin, ko minti 10 ba su yi ba. Anka fiddo takarda, kowa ya sa hannu. Saura wakilin Kojes. Shugabanmu tsoho ne, bai iya rubutu ba, ya ce: "Malam ya sa mana, shi ne idonmu."

Alhaji ya ja ni bayan mota. Ya ce: "Malam, sannu da ƙoƙari. Ga wannan ka sai ma iyali sabulu." Ya cusa mini ambulan cikin aljihu. Jika 25 ne ciki. A lokacin matata na da ciki wata 8, rumbuna ya kusa ƙasa. Ban ce a'a ba.

Na riƙe alƙalami. Na karanta layin da ya ce an yi aikin daidai da yadda anka rubuta. Na san bulo 50 ake bugawa. Na san ƙarfen da ke cikin ginshiƙan. Da safen nan na kankare bango da farce, yashi ya zubo. Amma manya duk sun sa hannu, Maigari na kallona, nama na ƙamshi, ambulan na aljihu. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Na rubuta sunana, da kyakkyawan rubutun da nake koya muku.

Daminar 2020 ta zo da ƙarfi, duk ƙasa ta sha ruwa da ambaliya. Mu tun hadarin farko munka ga namu. Iska ta ɗauke rufin aji 2 cikin dare, ta yar da shi cikin gonar wani. Aji na uku ya tsage daga taga har ƙasa, hannun yaro na shiga cikin tsagar. Tsofaffin azuzuwan nan 2, waɗanda anka gina tun ina yaro, ko kwano ɗaya bai motsa ba. Allah ya taimake mu dare ne, ba kowa ciki.

Da safe mutane sunka taru suna kallo. Wani ya ce: "Ikon Allah." Wani ya ce: "Ai kayan gwamnati ne, gwamnati ta gyara abinta." Ni ban ce uffan ba. Da kaka ta yi, uwaye sunka sake tara kara. Yara sunka koma rumfa, kusa da ginin miliyan 30.

Bari mu tsaya ga maganar mutumin nan da ya ce kayan gwamnati ne. Ina gwamnati ke samun kuɗi? Lanhon da ka biya. Tikitin da anka yanka maka ranar kasuwa. Kuɗin duwan da ke cikin farashin atamfar matarka. Harajin kashi 19 cikin 100 da ke bisa kaya da yawa na kanti, wanda kake biya ba ka sani ba. Sai kuma bashin da ƙasa ke ci waje, wanda ƴaƴanmu za su biya. In anka ci kuɗin aji, ba aljihun wani baƙo anka taɓa ba. Geronka da ka saida ne, akuyarki da kika kai kasuwa ce.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan kara a unguwar Peyiba, cikin Yamai. Yara wajen 20 sunka rasu. Mun ji a rediyo, mun yi addu'a, mun ce Yamai da nisa. Ranar Litinin 8 ga Nuwamba, cikin wannan shekara dai, gobara ta kama azuzuwan kara cikin birnin Maraɗi. Yara fiye da 20 sunka rasu, ƙanana, masu shekara 5 da 6. Allah ya jiƙan su, ya ba uwayensu haƙuri.

Ban ce ɗan kwangila ne ya kunna wutar ba. Ban san labarin waɗannan makarantu ba, labarin tamu na sani. Ranar da na ji, ɗiyata mai shekara 6 tana zaune cikin rumfar kara, ƙofa ɗaya, yara fiye da 60. Na bar abin da nake yi na ruga lakwal ba takalmi. Na iske su lafiya suna waƙar baƙaƙe. Ta gan ni ta ce: "Baba, lafiya?" Na kasa ba ta amsa. Na tsaya ina kallon ginin da ba rufi. Ajin da ya kamata ta zauna ciki ke nan. An biya kuɗinshi har da ƙari. Ni kuma na shaida cewa an yi shi daidai.

Daren nan ban yi barci ba. Washegari a ajin manya ban koyar da baƙi ko ɗaya ba. Na tsaya gaban ɗalibaina na gaya musu duka, har da jika 25. Aji ya yi tsit. Dattijon nan da ya ce ya bar dangwala yatsa ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce: "Malam, ka yi laifi. Amma mu ma muna nan anka buga bulon. Mun ci ragon. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Na maida jika 25 cikin asusun Kojes, da kaɗan kaɗan, cikin wata 5. Ɗalibaina sunka rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari, da Hausa, da hannunsu. Mutum 31 sunka sa suna. Ba zan yi maka ƙarya ba: ɗan kwangila bai maido ko dala ba. Amma a 2022 anka taimaka mana da kwano, mu kuma munka tara kuɗin katako da ƙusa, munka rufe aji 2. Ke nan mun biya rufin nan sau biyu. Na ukun yana nan da tsagarshi, mun hana yara kusantarshi.

Wannan cuta ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A 2006 bincike ya tono ɓarnar kuɗi a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, wato ma'aikatar da ke kula da irin ajin da kake zaune ciki. An tsare mutum 2 da sunka riƙe ma'aikatar a matsayin minista. Maganar ta yi zafi har majalisar dokoki ta kada gwamnati ranar 31 ga Mayu 2007. A 2011 anka kafa hukumar yaƙi da cin hanci mai suna HALCIA. A 2023 anka kafa wata mai suna COLDEFF. Hukumomi na da amfaninsu. Amma mai binciken da ke ofis takarda yake dubawa. In takarda ta ce aiki ya yi kyau, kuma ƴan gari sun sa hannu, me zai kama? Ba ya nan ranar da ake kwaɓa siminti. Kai kana nan.

To me za ka yi in an kawo aiki garinku, ko aji ne, ko ɗakin shan magani, ko rijiya, ko magaza?

Da farko, ranar da anka kafa allo, kwafe shi duka cikin littafinka: sunan mai aiki, kuɗi nawa, wata nawa. In Faransanci ne, kwafe baƙaƙen yadda suke, ka kai ma mushe ya fassara maka. Allo na ɓacewa, littafi na nan.

Na biyu, ku ƙirga. Duk motar da ta sauke siminti, a rubuta rana da yawan buhu. A ƙirga bulon da buhu guda ya ba da. A kankare bulo da ƙusa: in yashi na zuba kamar gari, a yi magana tun bango bai tashi ba.

Na uku, kar mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Mutum ɗaya ake ja bayan mota. Mutum 10 ba su shiga bayan mota.

Na huɗu, ranar karɓar aiki, ku ce a karanta takardar da ƙarfi, a fassara ta gaban kowa. Ga abin da ban sani ba sai daga baya: mai sa hannu na da ikon ya ce a rubuta aibin da ya gani cikin takardar kafin ya sa sunanshi. Kuma karɓar aiki sau biyu ake yi. Ta farko ta wucin gadi ce. Ana riƙe wani abu cikin kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5 cikin 100, sai an shekara a sake dubawa. In aikin ya lalace saboda rashin kyau kafin nan, shi ke da gyara. Rufinmu ya tashi wata 4 bayan karɓa ta farko. Da mun sani, da mun rubuta kuka tun daminar nan. Mun yi shiru, shekara ta cika, magana ta wuce.

Na biyar, in ba ka gane ba, ko ba ka yarda ba, ajiye alƙalami. Ka ce: "Ku yi haƙuri, sai na shawarci jama'a." Ba rashin kunya ba ne. Za a ɓata rai, wataƙila a ce kana hana gari ci gaba. Ka daure.

A 2023 anka zo gina mana magazar ajiye cimaka. Matan ajin yamma sunka raba kwanaki tsakaninsu. Kowace rana mace 2 na zaune gindin bedi da littafi. Mai aikin ya yi musu dariya ranar farko. Ranar da anka sauke buhu 34 anka ce 40 ne, wata tsohuwa ta miƙa mishi littafi ta ce: "Ɗana, zo mu ƙirga tare." Kafin la'asar buhu 6 sunka fito. Magazar tana nan, ta sha damina ba ta tsage ba.

Ɗan uwa, ƴar uwa, kun sha wuya kafin ku iya rubuta sunanku. Kun bar gona, kun bar daka, kun zauna bisa tabarma kamar yara. Wata rana za a miƙo muku takarda da alƙalami, manya na tsaye, nama na ƙamshi. Ku tuna da malaminku da jika 25 ɗinshi. Ku karanta, ku ƙirga, sannan ku sa hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.

Tambayoyi

1. In buhu guda ya ba da bulo 30, buhu nawa ake bukata don bulo 1500?

2. Aikin miliyan 24 ya koma miliyan 30. Jika nawa anka ƙara?

3. Wane aiki anka yi garinku da kuɗin jama'a? Wa ya sa hannu ranar da anka karɓe shi? Ku tattauna cikin aji.